Shin Ko Kun San? Injiniyan da Ya Datse Kusurwoyin Barcelona

Shin ko kun san cewa Barcelona, birnin nan na Sifaniya da muka fi sani da ƙwallo, ya taɓa zama a ƙuntace cikin ganuwa? Sai a 1854 aka fara rushe ta. Kafin nan, ga fili fetal a waje, amma soja sun hana kowa aza tubali, don kada gini ya tare wa igwa hanya!

Ku ji cunkoso: mutum 856 a kowace hekta. Lunguna matsattsu, wasu ɗakunan rana ba ta taɓa leƙa su. Kwalara ta yi ɓarna a 1834, ta sake dawowa a 1854. A ƙiyasi, mai hali kan yi shekara 36 a duniya. Lebura fa? Shekara 23 kacal!

Ana cikin haka sai ga injiniya Ildefons Cerdà, haifaffen 1815. Kafin ya gama zanensa na faɗaɗa birnin sai da ya bi diddigin rayuwar ma'aikata: abin da suke samu, abin da suke ci, inda suke kwana. Kai, har yawan iskar da mutum ke buƙatar shaƙa a ɗaki sai da ya lissafa!

Kun san hukumar birnin ba ta so zanensa ba? Ta shirya gasa, ta zaɓi na Antoni Rovira i Trias. Gwamnatin Madrid ta ce atafau na Cerdà za a bi, ta tabbatar da hakan a 1860. Haka aka haifi sabuwar unguwar da ake kira Eixample.

To ga awon. Kowane rukunin gidaje murabba'i ne, tsawon kowane gefe mita 113, wato ya ɗara tsawon filin ƙwallo kaɗan. Faɗin titi mita 20, rabi na masu tafiya a ƙasa, rabi na abin hawa. Babban titin Gran Via kuwa mita 50 ne cur! Ku tuna, lokacin ko mota ɗaya babu, keken doki ke yayi.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaure kai. Cerdà ya datse kusurwoyi huɗu na kowane rukuni, ya yanke su a karkace. Sai rukunin ya koma mai gefe takwas, kowace mahaɗa ta buɗe ta zama ɗan dandali. Ku tsaya a ɗaya ku gani: mai tuƙi yana hango na gefe tun daga nesa, motar kaya na sauke kaya a kusurwa ba ta tare kowa ba, ga teburan masu shan gahawa a inuwar bishiya. Dalilinsa? Ya hango zuwan ababen hawa masu inji da za su buƙaci wurin shan kwana. Ya kuwa canka daidai!

Saura rana. Ya karkata titunan yadda kusurwoyin rukunan ke fuskantar gabas, yamma, kudu da arewa, don haske da iska su zagaya gidaje. Mai kuɗi da talaka, titi iri ɗaya, rana iri ɗaya. Wannan adalcin shi ne zuciyar zanen.

Ko kun san burinsa a gina gefe biyu kawai na yawancin rukunan, a bar tsakiya lambu? Masu filaye suka ga asara ce. Suka toshe duk gefe huɗu, suka ƙara hawa kan hawa, suka cike tsakiyar da rumbunan ajiya da masana'antu.

Duk da haka zanen bai karye ba. Cocin Sagrada Família, wanda aka fara ginawa a 1882, a cikin rukuni ɗaya yake zaune. Shahararren gidan nan Casa Milà na Antoni Gaudí kuwa, a kan datsattsiyar kusurwa ya yi lanƙwasarsa!

Shi kuma mai zanen? Ya ƙarar da dukiyar da ya gada wajen bincike, ya rasu a 1876 cikin rashi. Wani abin mamakin, dandalin da aka sa wa sunansa ba ya ma cikin unguwar da ya zana!

Amma alheri danƙo ne. Tun 1987 birnin ya fara ƙwato tsakar rukunan yana mayar da su lambunan jama'a. A 2009 aka ware shekara guda ta tunawa da shi, zanensa ya cika shekara 150. A 2016 kuma, a unguwar Poblenou, aka haɗe rukuni tara wuri guda, aka ƙayyade gudun mota a ciki zuwa kilomita 10 a awa, yara suka samu wurin wasa a tsakiyar mahaɗa. Ku ba abokanku labari: lambun da aka hana Cerdà yana raye, jikokin birnin ne ke shuka shi yau!