Yadda Guba Ke Taruwa a Jikin Kifi

Ruwa kan yi garau a ido, alhali kifin cikinsa na ɗauke da guba. Sinadarai irin su zaiba da maganin ƙwari na DDT ba sa saurin barin jikin halitta. Ƙananan halittun ruwa su sha, ƙananan kifaye su cinye su, manya irin giwan ruwa su haɗiye ƙananan, gubar tana ta ninkuwa a kowane mataki.

A Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano wata cuta ta gubar zaiba a 1956, wata masana'anta ce ke zubar da dagwalo mai zaiba a teku. Iyalan masunta suka fara rawar jiki, ganinsu ya ragu, wasu suka rasu.

Wajen auna haɗari, masana kan duba abu uku: daɗewar sinadarin bai ruɓe ba, ƙarfin gubarsa, da yawansa a naman kifi idan aka kwatanta da ruwan. A Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kan sinadarai masu guba, idan yawan nan ya haura ninki 5,000, an shiga layin haɗari.

Tunda masu haƙar zinariya a yankunanmu na amfani da zaiba, wajibi ne hukumomi su riƙa gwada naman kifin kogunan kusa da wuraren haƙar ma'adinai, musamman saboda masu juna biyu da yara.