Zaɓen Injin Iska don Wankin Rufi

A ƙarshen hunturu, wanda ya hau bene a Fagge ko Sabon Gari a Kano zai ga rufin gidaje da na shaguna sun zama kala ɗaya saboda ƙura, har da farantan sola da aka jera a kansu. Mai wankin motar da ke son shiga wannan aiki yakan ɗauka injinsa na yau da kullum ya isa. Amma injin wankin mota yana feso ruwa da matsin da ya haura ba (bar) 100, ƙarfin da ke kankare fentin kwano ya kuma cusa ruwa ta haɗi da ramukan ƙusa. Shi ya sa ake wanke rufi da matsi kaɗan, wajen ba 7 ko ƙasa da haka, a bar sabulu ko bilic ya yi aikin. Famfon da ya fi dacewa da wannan shi ne mai aiki da iska, wanda Jim Wilden ya ƙirƙiro a Amurka a 1955: fatun roba biyu ne a cikinsa, iska na tura su bi da bi, suna zuƙo ruwa suna turawa. Ba ya ƙonewa idan ruwa ya ƙare, kuma da an rufe bakin tiyo yake tsayawa da kansa. Sai dai ransa gaba ɗaya yana hannun kwamfaresa, wato injin iska.

A shagunan injuna na France Road, abu biyu mai kaya zai fara nuna maka: girman tanki da adadin dokin da aka manna a jikinsa. Duka biyun ba su ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne lita nawa na iska injin ke fitarwa a minti ɗaya yayin da geji ke kan ba 6, abin da wasu kamfanoni ke rubutawa da CFM, kowane ɗaya kusan lita 28. Tanki randa ce kawai, abin tambaya shi ne yawan abin da ke zuba a cikinta. Tanki mai lita 50 da ya sauko daga ba 8 zuwa ba 6 ya ba da lita 100 na iska ke nan. A ce famfo yana cin lita 250 a minti, injin kuma lita 120 yake iya samarwa: giɓin 130 zai cinye ajiyar kafin minti guda ya cika, daga nan bugun famfo ya ja baya, ruwan da ke kai wa ƙololuwar rufi ya koma zuba a bakin indararo. Adadin da ke kan kwali ma sau da yawa iskar da injin ke zuƙa ce, wadda yake fitarwa kuwa ba ta kai haka ba. Maganin wannan gwaji ne a gaban mai shago. A zazzage tankin, a rufe mafita, a kunna, a duba agogo. Idan tanki mai lita 50 ya ɗauki minti 4 kafin ya kai ba 8, injin lita 100 ne a minti, ko da an rubuta doki goma a jikinsa.

Wani zai ce ai mai faci na bakin titi da ƙaramin inji yake cika tayar tirela. Haka ne, amma aikinsa na ɗan lokaci ne: ya ba taya iska, injin ya huta kafin wata ta zo. Famfon rufi kuwa ba ya sararawa muddin ana feshi. Ƙaramin inji marar bel ba a ƙera shi don ya yi ta gudu ba hutu ba, balle a zafin Afrilu na Kano da ke kai digiri 40. Mai bel da baƙin mai ya fi juriya domin kansa yana juyawa a hankali, kuma ya kamata iskarsa ta ɗara buƙatar famfo da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙurar da aka zo wankewa ita ce kuma injin ke shaƙa, don haka filta a nan ba ado ba ce. Mai sayen na hannu ya kwance ƙusar da ke ƙasan tanki tukuna. Idan jan ruwa mai tsatsa ya zubo da yawa, ƙarfen ya ciwu daga ciki, kuma tankin da ke riƙe da ba 8 ba abin wasa ba ne.

Batun wuta ko fetur ba ya buƙatar dogon zance. Doki ɗaya wat 746 ne, kuma injin lantarki mai doki 3 yana jan ninkin wutarsa sau da dama a lokacin tashi, abin da ke durƙusar da ƙaramin janareta. Fetur ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023, amma mai yawo gida-gida ba zai dogara da KEDCO ba. Inji mai fetur irin Honda GX160, wanda ake haɗawa da bel, shi ya fi masa.

Hujja mafi ƙarfi da ke adawa da duk wannan ita ce Kano ba Legas ba ce. An tsara wankin rufi da bilic ne a wurare masu laima kamar Fulorida, inda gansakuka ke baƙanta rufi. Namu ƙura ce da kashin tsuntsaye, bilic kuma yana cin kwano da alminiyam. Wannan hujja gaskiya ce, kuma tana rage yawan waɗanda ke buƙatar kwamfaresa. Mai wanke farantan sola goma a gida mai hawa ɗaya, famfon batir mai bolt 12 da buroshi mai laushi sun ishe shi. Wanda zai tura ruwa hawa uku a manyan gine-ginen Kantin Kwari, ko ya wuni a kan rufin sito, shi ne ƙaramin famfo zai ba kunya. Shi ma famfo zai fara zaɓa, ya karanta takardarsa ya ga lita nawa yake ci a matsin da zai yi aiki da shi, sannan ya shiga kasuwa da wannan adadi da agogo a hannu.