Igiyoyin Saman Ƙasa: Abin da ya Tabbata da Abin da Aka Ƙaga game da Girgizar Ƙasa

Duk lokacin da aka yi babbar girgizar ƙasa, kamar mai ƙarfin maki 7.8 da ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023 ta hallaka mutum fiye da 50,000, jita-jita kan riga bayanin masana isa kunnen jama'a. Kaɗan ne daga cikin maganganun suke ƙarya tsagwaronta, galibinsu gaskiya ce da aka yanko gefenta aka ɗora mata abin da ba nata ba, kuma ba a iya raba hatsi da tsakuwa a cikinsu sai an san halin wani nau'in motsi da masana ke kira igiyoyin saman ƙasa.

Girgiza tana aukuwa ne idan duwatsun da ke gefe biyu na wata tsaga a ɓawon ƙasa, waɗanda suka shekara ɗaruruwa suna cije da juna, suka zame farat ɗaya, sai ƙarfin da ya taru ya bazu a matsayin igiyoyi, wato kaɗawar da ke ratsa dutse alhali dutsen kansa bai bar mazauninsa ba. Iri biyu suna bi ta cikin ƙasa: igiyar P, mai matsa dutse tana sakinsa, wadda ke gudun kimanin kilomita 6 a sakan cikin ɓawon ƙasa, da igiyar S, mai kaɗa dutse a gicciye, wadda gudunta yake kusan kilomita 3 da rabi a sakan kuma ba ta ratsa ruwa. Idan waɗannan biyun suka iso doron ƙasa sai su haifar da wasu iri biyu da ke bin doron kawai, ƙarfinsu yana raguwa gwargwadon zurfi. Ta farko ana kiranta da sunan Lord Rayleigh, masanin Ingila da ya nuna ta hanyar lissafi a 1885 cewa dole ne akwai ta, tun kafin a gane ta a takardar na'ura. A cikinta kowane ɗigon ƙasa yana tashi sama, ya ja baya, ya sauka, ya matsa gaba, ya rufe da'ira. Ta biyu tana ɗauke da sunan A. E. H. Love, wanda ya yi bayaninta a 1911. Ita tana kaɗa ƙasa dama da hagu a kwance, kuma ba ta samuwa sai inda shimfiɗar dutse mai jinkirta igiya take bisa wadda ta fi ta sauri, domin a tsakanin doron ƙasa da wannan iyaka ne igiyar take maƙalewa.

Halaye biyu suka bambanta su da 'yan'uwansu na ciki. Su ne na ƙarshen isowa, domin igiyar Rayleigh tana gudun kusan kashi tara cikin goma na gudun S. Sannan sun fi jure tafiya mai nisa, saboda igiyar ciki tana raba ƙarfinta ta kowace fuska har da ƙasa can, ta sama kuwa a kan shimfiɗa ɗaya take yaɗuwa, don haka a tasha mai nisa ita ce ke zana layi mafi girma a takardar na'urar auna girgiza. Bayan girgizar Sumatra ta 26 ga Disamban 2004, na'urori sun ga igiyoyin Rayleigh suna kewaya duniya suna dawowa sau da dama, kowane zagaye cikin kimanin awa uku.

Daga nan ne maganar da ta fi yawo a littattafan makaranta ta samo asali, cewa igiyoyin sama su ne mafiya ɓarna a kowace girgiza. Maganar tana da tushe, amma kalmar "kowace" ta yi mata yawa. A kusa da tsagar da ta zame, igiyoyin sama ba su gama haɗuwa ba tukuna, kuma abin da ke rushe ƙananan gidaje a can shi ne fizga mai sauri ta igiyoyin S da turin da zamewar take yi kai tsaye. Zurfi ma yana da ta cewa: girgizar Bolibiya ta watan Yunin 1994 ta kai maki 8.2, an ji ta har a Kanada, amma da yake ta faru a zurfin fiye da kilomita 600 ba ta tayar da igiyoyin sama masu ƙarfi ba, ɓarnarta kuma ba ta taka kara ta karya ba. Inda igiyoyin sama suke cin karensu ba babbaka shi ne wuri mai nisa, mai ƙasa mai taushi, mai dogayen gine-gine.

Wannan ya rushe wata magana da hankali ke saurin karɓa, cewa wanda ya yi nisa da cibiyar girgiza ya tsira. Babu misalin da ya kai na Birnin Meziko. Girgizar 19 ga Satumban 1985, mai maki 8.0, ta taso ne daga gaɓar tekun Michoacán, kimanin kilomita 350 daga birnin, kuma garuruwa da dama da suka fi shi kusa ba su ga irin asarar da ya gani ba. Dalilin yana ƙarƙashin titunansa. Tsakiyar birnin tana zaune a kan busasshen tafkin Texcoco, inda al'ummar Aztek suka kafa birninsu a kan tsibiri kafin Sifaniyawa su janye ruwan, abin da ya rage kuwa shi ne yumɓu mai cike da ruwa wanda igiya ke ratsawa da gudun da bai kai mita 100 a sakan ba. Kowace shimfiɗar ƙasa tana da zangonta, wato tsawon lokacin da take ɗauka ta kaɗa ta dawo, kuma zangon wannan yumɓu a wasu unguwanni kusan sakan biyu ne. Doguwar tafiya ta tace igiyoyin da suka taso daga gaɓa, masu gajeren zango suka mutu a hanya, masu dogon zango suka iso, sai aka yi rashin sa'a zangonsu ya zo daidai da na yumɓun. Abin da ya biyo baya ya yi kama da kunu a ƙwarya, wanda kan ci gaba da tangaɗi bayan hannun da ya girgiza shi ya tsaya: igiyoyin suka shiga kwarin suka kasa fita, gefen kwarin ya riƙa haifar da sababbin igiyoyin sama, na'urorin da ke kan yumɓu suka auna motsi da ya ninka na kan dutse kusan sau biyar, kaɗawar kuma ta daɗe.

Gini ma yana da zangonsa, wanda injiniyoyi ke ƙiyastawa da kusan sakan ɗaya ga kowane hawa goma. Gine-ginen da suka fi faɗuwa a ranar su ne masu hawa 6 zuwa 15, domin da zarar sun fara tsagewa sai su yi laushi, zangonsu ya ƙara tsawo ya kusanci na ƙasar, kowace kaɗawa ta ƙara wa ta baya ƙarfi. Tsofaffin gidaje gajeru da yawa sun tsaya, haka ma doguwar hasumiyar Latinoamericana mai hawa 44 ta tsaya, don zangonta ya zarce na yumɓun kuma harsashinta ya nutsa zuwa ƙasa mai tauri. A Japan an ga irin wannan a 2011, lokacin da wani bene mai hawa 55 a Osaka, fiye da kilomita 700 daga cibiyar girgizar Tohoku, ya yi ta lilo na kusan minti goma. Saboda haka tambayar da ta dace a yi ita ce irin ƙasar da gini yake kai da kuma tsawonsa, kafin a zo ga nisa.

Maganar cewa igiyoyin suna buɗe ƙasa ta haɗiye mutane ta sake rufewa ba ta da madogara. Ramukan da ake gani a hotuna na gaske ne, sai dai zaftarewar gangare ce ke haifar da su, ko narkewar yashi mai ruwa, ko kuma ita kanta tsagar da ta ɓullo fili. Gonar zaitun da ta dare biyu a lardin Hatay a 2023, wadda hotonta ya zaga duniya, zaftarewa ce ta raba ta.

Akwai kuma masu cewa girgiza a wata nahiya ita ce ke kunna wata a can wata nahiyar. A nan ilimi ya ba su rabin gaskiya, kuma masana da kansu sun daɗe ba su yarda da wannan rabin ba. Bayan girgizar Landers ta Kalifoniya a 1992, mai maki 7.3, ƙananan girgiza sun ɓarke a wurare masu nisan fiye da kilomita 1,000, sannan bayan ta Denali a Alaska a 2002 an ga haka a Yellowstone, kusan kilomita 3,000 daga can, a daidai lokacin da igiyoyin sama suke wucewa. Wucewar tana matsa tsagogin da suka riga suka kai gaɓar zamewa, musamman a yankunan dutse mai aman wuta da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Amma kusan duk abin da ake kunnawa ta wannan hanya ƙanana ne da sai na'ura ke ji, kuma ƙaruwar matsakaitan girgiza da aka lura da ita a duniya na 'yan kwanaki bayan girgizar tekun Indiya ta Afrilun 2012, mai maki 8.6, abu ne da ba kasafai ake gani ba. Girgiza ta biyu ta Turkiyya, mai maki 7.5, wadda ta zo bayan awa tara, wani lamari ne dabam, domin tsagarta maƙwabciyar ta farko ce kuma nauyin da ta farkon ta sauke ne ya koma kanta.

Mafi rauni a cikin jita-jitar ita ce ta HAARP, tashar binciken sararin sama da ke Gakona a Alaska, wadda Jami'ar Alaska ta Fairbanks ke gudanarwa tun 2015, aka kuma ce da ita aka haddasa bala'in Turkiyya. Tashar tana harba igiyoyin rediyo ne zuwa sama da ƙarfin megawat 3.6, irin waɗannan igiyoyi kuma ba sa nutsawa cikin ƙasa fiye da 'yan mitoci, alhali zamewar ta fara ne a zurfin kilomitoci. Ko da za a tara dukkan ƙarfinta ba dare ba rana, sai ta shekara fiye da 200 kafin ta kai abin da girgiza mai maki 7.8 ke saki a matsayin igiyoyi. Bugu da ƙari, igiyoyin sama suna cikin shaidun da ake bambanta aikin ɗan'adam da na tsaga da su. Fashewar bam a ƙarƙashin ƙasa tana tura dutse waje ta kowace fuska daidai, don haka tana ba da P mai ƙarfi da igiyoyin sama masu rauni, musamman ta Love, yayin da zamewar tsaga ke ba da Love mai ƙarfi ta wasu fuskoki da rauni ta wasu. Da wannan ma'auni aka riƙa sa ido kan gwajin nukiliya tun zamanin yaƙin cacar baka. Abin da ɗaruruwan tashoshi suka auna a 2023 zamewa ce ta gefe mai tsawon kusan kilomita 300 a kan tsagar Gabashin Anatoliya, a yankin da birnin Antakiya ya rushe a shekarar 115 ya sake rushewa a 526.

Batun hasashe ma a nan yake warwarewa. Babu wata hanya da aka tabbatar tana faɗin rana da wuri da girman girgiza kafin ta auku, ko da jerin taurari ko da halin dabbobi. Abin da yake gaskiya shi ne tazarar da ke tsakanin igiyoyi: a nisan kilomita 300, P tana isowa cikin kimanin sakan 50, igiyoyin sama kuwa sai bayan kusan sakan 100, don haka karen da ya yi haushi kafin bango ya motsa yana iya kasancewa P ɗin ya ji. Tsarin gargaɗin Birnin Meziko, wanda aka kafa a farkon shekarun 1990, yana amfani da na'urori a bakin teku da ke aika saƙon rediyo ya riga igiyoyin isa, ya ba mazauna birnin kusan minti ɗaya. Girgizar ta riga ta faru a lokacin da ƙararrawar ke kaɗawa, kuma wanda ke zaune a kan tsagar ba ya samun ko sakan biyar.

Wata magana da ta shafi yankin Afirka ta Yamma kai tsaye ita ce cewa duniya tana da bugun zuciya duk sakan 26, wasu ma suna ɗaukarsa alamar wani bala'i da ke tafe. Siginar gaskiya ce: Jack Oliver na cibiyar Lamont ta Jami'ar Columbia ya ba da rahotonta a 1962, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna igiyoyin Rayleigh ne masu zangon sakan 26 da ke tasowa daga Mashigin Gini, a ɓangaren Bonny kusa da tsibirin São Tomé. Ba a jin ta da jiki, ƙarfinta yana ƙaruwa a watannin da guguwar kudancin Atilantika ke tsananta, kuma masana sun kasu biyu a kan tushenta, wasu suna danganta ta da dukan raƙuman teku a gaɓar nahiya, wasu da tururi da ruwan da ke motsi a ƙarƙashin duwatsu masu aman wuta na yankin. Ta shafe fiye da shekara 60 a takardun na'urori ba tare da wani bala'i ya biyo ta ba.

Irin wannan kaɗawa ta yau da kullum ta zama kayan aiki ma, saboda igiya mai dogon zango tana taɓa zurfi fiye da mai gajeren zango, kuma tana riga ta isa tunda igiya ta fi sauri a dutsen da ke can zurfi. Idan aka auna gudun kowane zango sai a zana taswirar abin da ke ƙarƙashi. Ta haka aka ga cewa tsohon dandamalin dutse na Afirka ta Yamma yana da saiwa mai sanyi da tauri da ta kai zurfin kusan kilomita 200, yayin da ƙarƙashin jerin duwatsun Kamaru igiyoyi ke jinkiri saboda zafi. Wannan tauri da nisan yankin daga iyakar faranti, wato manyan ɓallayen ɓawon ƙasa da ke gogar juna, su ne suka sa manyan girgiza suka yi ƙaranci, amma cewa yankin ba ya girgiza sam kuskure ne: girgizar Accra a Gana ta 22 ga Yunin 1939 ta wuce maki 6 ta kashe mutane, an ji ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018, kuma wata cibiya da ke Toro a jihar Bauci tana sa ido a kan irin waɗannan motsi.