Matasanmu Na Bukatar Mai Saurare Kafin Mai Bulala

Duk wanda ya san unguwarmu ta Ekoudou, wadda aka fi sani da Briqueterie, ya san ba ta kwanciya da wuri. Teloli na kan keke har tsakar dare, masu tsire na rura wuta, 'yan bensikin na kai da komowa. To, amma a cikin wannan hayaniya akwai yaran da suka yi tsit, kuma shirun nan nasu shi ne abin da ya kamata ya tayar mana da hankali.

Mu malaman makaranta mun saba ganinsu. Yaro mai ƙwazo ya fara fashin aji, ya rame, barci ya ƙaurace masa. Yarinya ta faɗi jarrabawar Probatoire, ta shige ɗaki ta daina cin abinci. A gida sai a ce taurin kai ne, ko iskoki, ko sammu. Alhali kuwa sau da yawa ciwon damuwa ne, wanda yake da magani kamar zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya daga cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori suna somawa ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba.

Tun suna ƙanana muke koya musu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kunya ado ce, babu shakka. Sai dai yaron da ba ya iya ɗaga ido ya dubi mahaifinsa, wa zai gaya wa abin da ke cin ransa? In bai sami kowa ba, mai sayar da Tramol yana nan yana jiransa a bakin titi.

A watan Janairun 2020 wani ɗalibi ya daɓa wa malaminsa na lissafi wuƙa a makarantar sakandare ta Nkolbisson, nan Yawunde, malamin ya rasu. Bayan haka an yi ta maganar horo da binciken jakunkuna a ƙofar makaranta. Horo na da muhallinsa, amma bincike ba ya gano abin da ke cikin zuciya.

Saurare kuwa yana da ƙa'idojinsa. A zauna da yaro inda babu idon jama'a. A bar shi ya kai aya, ba katsewa, ba gori, ba wa'azi tun bai gama ba. A riƙe masa sirri, sai fa in rayuwarsa na cikin haɗari. Idan ya ambaci cewa ya gaji da duniya, kada a ɗauka wasa ne: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba, a nemi likita a ranar. Makarantun sakandare na gwamnati suna da malaman ba da shawara, kuma Asibitin Jamot yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya mai da mutum mahaukaci, ba ya kuma hana addu'a. A haɗa su biyun.

Ba lalle sai likita ne zai fara ba. A birnin Harare na Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya kafa shirin Bencin Abota, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun sami sauƙi sosai.

Mu ma muna da gwaggwanni da kakanni, da malaman Islamiyya, da ubangidan kowane shagon ɗinki. Horo kaɗai ya rage. Muna kira ga limamanmu da shugabannin unguwa da ƙungiyoyin mata su gayyaci ma'aikatan lafiya su koyar da wasu daga cikinmu wannan aiki. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallami, don kada ya karye.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.