Daga Pokémon Zuwa Kogin Chalawa: Ina Ƙwarin Yaranmu Suka Tafi?

A ranar 27 ga Fabrairun 1996 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da wasan gem mai suna Pokémon a kan Game Boy, 'yar na'urar hannun nan mai cin batir huɗu, wadda allonta ko launi ba shi da shi. Na'urar ta shiga kasuwa tun 1989, har an fara ganin ta tsufa, sai wannan wasa ya sake tayar da ita.

Tsarin wasan ba wuya. Yaro ne zai bar garinsu da halitta guda daga cikin uku: ta wuta, ta ruwa ko ta tsiro. Idan ya kutsa cikin doguwar ciyawa sai wata halittar daji ta yi masa tsalle. Zai sa tasa ta galabaitar da ita, sannan ya jefa mata ƙwallon kamu. Shida kawai yake iya yawo da su, kuma kowace da mai rinjayarta: ruwa na kashe wuta, wuta na cin tsiro, tsiro na shanye ruwa. Halittun 151 ne, amma da gangan aka raba wasu tsakanin kaset biyu, ja da kore. Duk mai son cika kundinsa dole ya nemi aboki, su haɗa na'urorinsu da waya su yi musaya.

Wanda ya ƙirƙiro wasan, Satoshi Tajiri, an haife shi a 1965, ya tashi a Machida da ke gefen Tokyo lokacin tana da gonaki da kududdufai. Kamun ƙwari ne aikinsa yana yaro. Yana ji yana gani aka cike kududdufan, aka shimfiɗa kwalta da gine-gine, ƙwarin suka yi ƙaura. Shekara shida ya yi da abokan aikinsa na kamfanin Game Freak suna gina wasan, don yaran birni su ɗanɗani abin da siminti ya binne. Bai manta da masana'antu ba: a wasan akwai Grimer, halittar da ke rayuwa da dagwalon da suke zubarwa, da Koffing mai cike da iskar guba.

Wannan labari ba baƙo ba ne a Kano. Duk wanda ya yi ƙuruciya a bayan gari ya san ɗaura wa buzuzu zare a ƙafa yana shawagi, da kamun fara da kaka, da kwasar shinge a gindin fitila bayan ruwan farko, da tsugunawa bakin kududdufi ana kallon talibambam. Nan yaro ke fara koyon lura da bambancewa, tushen ilimin halittu ke nan.

To yau ina ruwan da za a tsuguna a bakinsa? Ruwan masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana gangarawa ta rafin Salanta zuwa kogin Chalawa, inda majemun rukunin masana'antun Chalawa su ma ke sakin nasu. Jimar zamani tana amfani da sinadarin kuromiyom, kuma idan ba a tace ruwan ba yana taruwa a laka. Ragowar nama da gashin fata kuma, in suka ruɓe, suna cinye iskar da kifi da tsutsotsin ruwa ke shaƙa. Idan waɗannan suka mutu, kwaɗi da tsuntsayen da ke cin su sai su bar wurin. Da wannan ruwan ne kuma 'yan lambu da dama ke ban-ruwan latas da alayyafon da ke shigowa kasuwanninmu.

Ba wanda ke fatan a rufe masana'antu. Dubban magidanta na ci daga cikinsu. Abin nema shi ne kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, hukumar kare muhalli ta tarayya NESREA da aka kafa a 2007 da Ma'aikatar Muhalli ta jiha su tsaya kan haka ba sani ba sabo. Iyaye da malaman makaranta kuma, a bar yara su yi gem ɗinsu, amma a riƙa fita da su fadama su ga masu rai da idonsu tun suna nan.