Jinkirta Ɗorewar Ma'amala a Rumbunan Bayanai Masu Alaƙa: Riba da Kasada

Gabatarwa

A shekarar 1983 ne Theo Härder da Andreas Reuter suka tattara sharuɗɗa huɗu da ake so kowace ma'amala ta cika a rumbun bayanai, suka taƙaita su da harufan ACID. Na huɗunsu shi ne ɗorewa, wato da zarar rumbu ya sanar cewa ma'amala ta kammala, ba za ta ɓace ba ko da wuta ta ɗauke nan take. Wannan maƙala tana bayani ne kan tsarin da ke sassauta wannan sharaɗi da gangan domin samun sauri.

Yadda tsarin yake aiki

Rumbuna masu alaƙa, wato masu tsara bayanai cikin jadawalai, sukan fara rubuta kowane canji a kundin ayyuka kafin su sanya shi a fayilolin jadawalan. A bisa ƙa'ida, rumbu ba ya cewa "an kammala" sai kundin ya sauka a faifai. Wannan jira kuwa yakan zama cikas idan ƙananan ma'amaloli suka yi yawa. Idan aka jinkirta ɗorewa, rumbu yana amsawa tun kundin yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, sannan ya kwashe ma'amaloli da dama zuwa faifai a tashi ɗaya.

Kamfanin Microsoft ya shigo da wannan zaɓi a SQL Server 2014. A can, kundin yana sauka ne idan ma'ajinsa mai kilobayit 60 ya cika, ko wata ma'amala mai cikakkiyar ɗorewa ta kammala a rumbun, ko aka kira umarnin sp_flush_log. PostgreSQL kuwa ya samar da makamancinsa tun fitowa ta 8.3 a 2008, kuma a saitinsa na asali tazarar hatsarin ba ta wuce milisakan 600 ba.

Abin da ake sarayarwa

Idan na'ura ta faɗi kafin kundin ya sauka, rumbun ba ya lalacewa. Yana farfaɗowa daidai, sai dai ma'amalolin ƙarshe sun ɓace ɗungurungum, alhali an riga an shaida wa masu su cewa sun shiga. Ɗauki misalin ɗalibin da ya biya kuɗin makaranta ta intanet: rasit na hannunsa, amma rumbu bai san da biyan ba. Sabanin haka, asarar ƙidayar maziyarta shafi ta rabin daƙiƙa ba za ta cutar da kowa ba.

Kammalawa

Saboda haka, kafin a kunna wannan zaɓi, ya kamata mai kula da rumbu ya auna ko jiran kundin ne ainihin abin da ke jawo nawa, sannan ya tantance ma'amalolin da za a iya sake samar da su idan sun ɓace. SQL Server da PostgreSQL duka suna ba da damar yanke wannan hukunci a kan kowace ma'amala ita kaɗai. Duk wadda ta shafi kuɗi ko haƙƙin wani, a bar ta da cikakkiyar ɗorewarta.