Goyo da Karatu Ba Taura Biyu Ba Ne

A wani gida a Shari'u Mansur cikin Makka, unguwar da mutum zai sayi tuwo da miyar kuka ba tare da ya furta kalmar Larabci ko ɗaya ba, na ji maganar daga bakin dattijuwar da duk muke kira Gwaggo. Jikarta ta haihu tana aji biyu a Jami'ar Ummul Kura, ana ta shawarar ko ta koma karatu bayan arba'in. Gwaggo ta yanke hukunci: taura biyu ba ta taunuwa, ta yaye yaron tukuna, karatu ai ba guduwa zai yi ba. Da na kawo zancen ƙungiyoyin da ke tallafa wa ɗalibai masu 'ya'ya, har ɗalibai 'yan'uwansu kan je can horon aiki, sai ta ce, "To su kuma koyon aiki aka tura su ko raino?"

Gwaggo, Allah Ya ƙara miki lafiya. Kin goya tara, kin san abin da ban sani ba. Kin san jego, kin san daren da yaro ke kwana kuka da zazzaɓi, kin san Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Ban musa ko ɗaya ba. Inda na saɓa miki shi ne cewa karatu ba ya gudu. Yana gudu, Gwaggo. Jami'a tana da iyakar zangon da take yarda a jinkirta. Kafin a yaye wannan, wani cikin ya zo. 'Yan ajinta sun wuce, littattafan sun shiga ƙasan akwati. Ki ƙirga a danginmu, nan da Kano, mata nawa aka ce wa "bari sai kin yaye", nawa ne a cikinsu suka koma?

A shekara ta 10 bayan Hijira, ayarin Hajjin Bankwana ya sauka a Zul-Hulaifa, inda alhazan Madina ke ɗaura harami har yau. A nan Asma'u 'yar Umais, matar Sayyidina Abubakar, ta haifi Muhammadu. Madina tana bayanta, tafiyar da ba ta kai yini ba. Makka tana gabanta, fiye da kilomita 400 a kan raƙumi. Ta aika tana tambayar yadda za ta yi, Manzon Allah (SAW) ya umarce ta ta yi wanka, ta yi ƙunzugu, ta ɗauki harami. Ba a ce ta juya gida ba. Na san Hajji daban, jami'a daban, ba fatawa nake cirowa ba. Abin da nake kallo shi ne, ta iya tafiyar ne domin tana cikin ayari, ga miji, ga mata 'yan'uwanta, ga masu ɗauke mata kaya.

Mu ma a gida mun san wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, uwar 'ya'ya, ciki har da Abdulƙadir da shi ma ya zama Waziri, kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta ga matan ƙauye masu goyo ba za su iya zuwa wurinta ba, ba ta ce su jira yaye ba. Ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, su jagoranci tsofaffi da 'yan mata su zo su ɗauki karatu, su koma su kai wa matan aure har tsakar gida. 'Yan matan nan da ke bin jaji, raino aka tura su? Su ma karatun suke ɗauka, suna kuma koyon yadda ake isar da shi.

Abin da ke fitar da mai goyo daga jami'a ba ƙarancin basira ba ne, sa'o'i ne 'yan kaɗan da babu mai riƙe mata. Lacca ƙarfe takwas na safe a sashen mata da ke Zahir, ga yaro bai tashi ba. Ranar rigakafi ta faɗo daidai ranar jarrabawa. Takardar neman uzuri da ba ta san ofishin da ake kai ta ba, har wa'adi ya wuce. Haka ma ɗalibi magidanci da ya taho daga Zariya da iyalinsa, babu uwa babu ƙanwa a kusa, matarsa ta kwanta asibiti. A da gidan gandu ke ɗauke wannan. Yau ma'aurata na zaune su biyu a hawa na huɗu.

A Amurka, kusan ɗaya cikin biyar na masu karatun digirin farko yana da ɗa. Wata mata, Nicole Lynn Lewis, ta shiga jami'ar William & Mary da jaririya a hannu, ta gama, sannan a 2010 ta kafa ƙungiyar Generation Hope a yankin Washington, tana haɗa wa matasa masu 'ya'ya tallafin kuɗin makaranta da mai ba su shawara har su kammala. Ba sai mun kwafi tsarinsu ba. Makka ta daɗe da sanin ribaɗi, gidajen waƙafi da masu hali suka gina wa baƙi da ɗaliban ilimi. Dabarar tsohuwa ce a wurinmu, masu goyo ne ba mu sa a lissafi ba.

Sai maganarki ta biyu, ta horon aiki, wadda ta fi damuna, domin ba ke kaɗai ke yin ta ba. A Najeriya tun 1973 ake da shirin SIWES na horon ɗalibai a wuraren aiki, kuma iyaye da yawa sun fi son a ce ɗansu yana banki ko kamfanin mai, ko da aikinsa bai wuce ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur ba. Amma ƙaramar ƙungiyar tallafa wa ɗalibai masu 'ya'ya ba ta da hannun da za ta bari a banza. Ɗalibar lissafin kuɗi za ta riƙe littafin kuɗin shiga da fita na gaske, a tambaye ta in riyal goma ya ɓace. Mai karanta kwamfuta zai tsara jadawalin wa ke da jarrabawa, wa zai karɓi yaro. Mai karanta tarbiyyar ƙananan yara ta sami ajinta. Mai karanta shari'a zai zauna ya tsefe dokokin jami'a kan hutun haihuwa, ya rubuta wasiƙar da za ta ceci zango guda. Saudiyya kanta, a shirinta na 2030 da aka bayyana a 2016, ta sa burin samun 'yan sa-kai miliyan ɗaya a shekara. Yawanci aikin alhazai ake tunawa, raba ruwa da tura keken tsofaffi, kuma aiki ne mai lada. Amma Hajji kwanaki ne, zangon karatu watanni.

In ma an kira shi raino, ban ga abin kunya ba. Wanda ya fi mu duka ya yi sallah ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya sauke ta, in ya tashi ya ɗauka.

Don haka roƙona gare ki, Gwaggo, kada ki ce jikarki ta ajiye karatu. Ki karɓi yaron safiyar Lahadi da Talata, ranakun da take da lacca da wuri. Ƙanwarta da ke neman wurin horon aiki a zango mai zuwa, a bar ta ta tara sunayen masu goyo na sashensu, a ga ko su nawa ne, da sa'o'in da kowacce ke rasa mai riƙe mata.